Daga Kafancan Zuwa Baga Da Tsibiran Tafkin Cadi

Wanda ya dubi taswirar Nijeriya sai ya ce babu abin da ya haɗa Kafancan da Baga. Kafancan tana gindin duwatsun Kagoro, ƙasar citta da doya da ruwan sama mai yawa. Baga kuwa tana can ƙuryar arewa maso gabas, cikin Jihar Barno, inda rairayi ya yi iyaka da Tafkin Cadi. Tsakaninsu tafiya ce ta wajen kilomita 900. Amma duk da wannan nisa, akwai abu biyu da suka ƙulla garuruwan nan.

Na farko kifi ne. Shekara da shekaru manyan motoci ke ɗauko banda daga bakin tafkin, su ratsa Maiduguri da Jos, su gangara har Anaca da Inugu, a kan hanya kuwa kasuwannin Kafancan da na maƙwabta su sami rabonsu. Na biyu aikin soja. Kudancin Kaduna ƙasar soja ce tun zamanin Turawa, da wuya ka sami garin da ba shi da ɗa cikin kaki. Daga nan Janar Martin Luther Agwai ya fito, da marigayi Janar Luka Yusuf, dukansu sun shugabanci mayaƙan ƙasa na Nijeriya. Janar Christopher Musa, ɗan asalin Zangon Katab, kafin ya zama Babban Hafsan Tsaro cikin 2023, ya taɓa riƙe kwamandan shiyya ta uku ta rundunar haɗin gwiwa a bakin wannan tafki. A Kaciya ma akwai makarantar koyon harba igwa, har da wata makarantar makamai ta mayaƙan ruwa, a garin da ba teku ba tafki.

Saboda haka in an ce an tura wane Baga, iyaye da yawa a Kafancan da Zonkwa da Kwoi sukan yi shiru suna tunani, alhali yawancinsu ba su san yadda wurin yake ba. To, bari mu bi hanyar tare da mai karatu, mu ga yadda ake zuwa, da yadda ake zagaya wannan ƙasa wadda mota da kwalekwale da jirgin sama kowanne yake da inda ƙarfinsa ya tsaya.

Jirgin ƙasa ya kwanta

A da, tafiyar nan daga tashar jirgin ƙasa take farawa. Reluwe ce ta raya Kafancan, tun cikin 1927 da dogo ya iso, garin ya zama mahaɗar hanyoyin Fatakwal da Kaduna da Jos. Cikin 1958 aka soma jan wani reshe daga Kuru, kusa da Jos, aka bi da shi ta Bauci da Gombe, ya isa Maiduguri cikin 1964, tsawon kilomita 640. Daga lokacin sai ya zama mutum na iya shiga jirgi a Kafancan ya sauka Yerwa ba tare da ya taka mota ba, kayan Barno kuma su gangaro kudu a tarago.

Shekaru ke nan rabon da jirgin fasinja ya yi wannan tafiya. Ran 9 ga watan Maris 1921 ba a ma san dogo a Kafancan ba, amma ran 9 ga watan Maris 2021, shekara ɗari cif bayan haka, sai ga Shugaba Muhammadu Buhari yana ƙaddamar da aikin sake gina hanyar tun daga Fatakwal har Maiduguri. Cikin 2024 jirgi ya fara aiki tsakanin Fatakwal da Aba. Sauran hanyar tana jira. Don haka matafiyi ba shi da zaɓi sai mota.

Hanyar mota

Daga Kafancan hanya biyu ce ke hawa Jos. Ko dai a bi ta Kagoro da Mancok a ɓulla Vom, ko kuwa a bi ta Gidan Waya a haɗu da hanyar Akwanga, a yi Hawan Kibo, inda direbobin manyan motoci ke riƙe numfashi. Daga Jos sai gangara zuwa Bauci, sa'an nan Darazo, Kari, Fataskum, Damaturu. Tun daga Kari mai lura zai ga ƙasa na sauya kama: duwatsu sun ƙare, itatuwa sun yi ƙaranci, kuka da aduwa sun karɓi fili, rana kuma ta fara nuna cewa an shigo gabas.

Tsakanin Damaturu da Maiduguri ne matafiyi ke fara koyon darasin farko na wannan yanki, watau agogo ya fi mota muhimmanci. Tun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, soja suka ɗauki al'adar rufe ƙofofin shiga gari da yamma. Ran 9 ga watan Fabrairu 2020 wasu matafiya suka makara, suka tarar an rufe ƙofa a Auno, suka kwana cikin motocinsu a bakin hanya. Cikin dare mahara suka auka musu, aka kashe mutum aƙalla 30. Wannan ya sa direban da ya san hanya ba ya wasa da sammako, ba ya kuma yarda fasinja su ɓata masa lokaci wajen cin abinci.

A Maiduguri akwai babbar kasuwar kifi a kan titin Baga, kuma daga wannan unguwa ake samun motocin arewa. Zuwa Baga wajen kilomita 200 ne, a bi ta Gajiganna da Gajiram a isa Munguno, daga nan Kuros Kauwa. A wannan mararraba, wanda ya karkata yamma zai shiga Kukawa, birnin da Shehu Muhammadu Laminu Alkanemi ya kafa cikin 1814, wanda Rabe ya ƙone cikin 1893. Wanda ya miƙe gabas kuwa Baga ya nufa. Tafiyar da za a yi cikin sa'a uku lokacin zaman lafiya, takan cinye wuni guda, saboda shingayen bincike, da jiran rakiyar soja, da tsoron nakiyar da ake binnewa a inda kwalta ta fashe. Rami a hanyar Kafancan taya yake ci. Rami a hanyar Baga yana iya cin rai, domin a nan ne mai binne nakiya ke samun ƙasa mai taushi.

Sansanin Baga

Kafin a shiga gari akwai wurin da ake kira Mil Huɗu, inda sansanin rundunar haɗin gwiwa yake tun asali. Gwamnatin Janar Sani Abaca ce ta kafa rundunar cikin 1994 don maganin 'yan fashin kan iyaka, cikin 1998 aka shigo da Cadi da Nijar. Ran 3 ga watan Janairu 2015 Boko Haram suka ci sansanin, suka ƙone Baga da Doron Baga, suka yi kisan da har yau ba a daidaita a kan yawansa ba. Mutane da yawa ta ruwa suka tsere, wasu suka maƙale a tsibirai, wasu suka ƙetare zuwa Cadi. Soja sun ƙwato garin cikin watan Fabrairu na shekarar, aka kuma mai da hedkwatar rundunar Injamena, aka raba bakin tafkin shiyya huɗu: Mora a Kamaru, Baga Sola a Cadi, Difa a Nijar, da shiyyar Nijeriya wadda daga baya ta zauna a Munguno.

Ƙarshen watan Disamba 2018 garin ya sake faɗawa hannun ɓangaren da ake kira ISWAP, aka sake ƙwato shi cikin Janairu 2019. Sai cikin Satumba 2020 gwamnatin Barno ta fara mai da mutanen Baga gidajensu. Ko a wannan watan, ran 25, an yi wa ayarin jami'an Gwamna Babagana Umara Zulum kwanton ɓauna a tsakanin Munguno da Baga, aka rasa rayukan 'yan sanda da soja da farar hula. Ban da sojan ƙasa, mayaƙan ruwa na Nijeriya ma sun kafa sansaninsu a Baga. Mutumin da ya saba jin labarin mayaƙan ruwa a Ikko da Kalaba zai yi mamakin ganinsu a gefen hamada, amma da ya leƙa tafkin zai gane dalili.

Tafki mai tafiya

Babban abin da ke rikita baƙo shi ne Tafkin Cadi ba ya zama wuri ɗaya. Cikin 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka tsotse shi, har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wancan. Tun farin farko wani tudu da ke kwance ƙarƙashin ruwa, tsakanin Baga ta Nijeriya da Baga Sola ta Cadi, ya fito fili ya raba tafkin biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Daga shekarun 1990 ruwa ya soma komowa, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 sun mai da shi wuraren da aka daɗe ana shuka masara da wake.

Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke kawowa daga Shari da Logon yake zuwa, watau daga can ƙasar Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Namu na Nijeriya kaɗan ne, ta Komadugu Yobe, wadda kogin Haɗeja da na Jama'are ke ciyarwa, shi na Jama'are kuwa daga duwatsun Jos ya taso. Da yake ruwan Shari daga nesa yake tahowa, sai ya ɗauki watanni a hanya. Shi ya sa tafkin ke cika da hunturu, wajen Disamba da Janairu, bayan an daɗe da ɗauke ruwan sama, ya kuma fi janyewa a farkon damina. Inda mota ta wuce da bazara, da sanyi sai kwalekwale. Inda kwalekwale ya wuce bana, baɗi ana iya samun gonar wake. A kudancin tafkin kuma, wajen Marte da Dikwa da Ngala, akwai baƙar ƙasar firgi wadda in ta sha ruwa ko tankar yaƙi sai ta kafe.

Wannan tafiye-tafiyen ruwa ya sha jawo rigimar iyaka. Cikin 1983 sojan Cadi suka mamaye wasu tsibirai na Nijeriya, Manjo Janar Muhammadu Buhari, wanda a lokacin shi ne kwamandan runduna ta uku a Jos, ya kore su. Masuntanmu kuma da suka riƙa bin ruwa yana janyewa sun kafa ƙauyuka har cikin ƙasar Kamaru ba tare da sun ga wata alama ba. Ran 10 ga watan Oktoba 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci, cikin Disamba 2003 Nijeriya ta miƙa wa Kamaru ƙauyuka 33, har da Darak.

Cikin kwalekwale

Wanda ya zo bakin ruwa yana tsammanin ganin shimfiɗaɗɗen kogi iyakar ganinsa zai sha mamaki. Abin da zai tarar a gefen Nijeriya dajin ciyawa ne, kacala da iwa da sauran ciyayin ruwa waɗanda suka fi mutum tsawo, da 'yan siraran hanyoyi tsakaninsu kamar lungunan tsohon birni. Zurfin ruwan a yawancin wurare bai wuce gaba ɗaya ko biyu ba. Babban jirgi ba shi da wurin shiga. Abin hawa shi ne dogon kwalekwalen katako mai inji a baya, in ciyawa ta naɗe farfela a kashe inji a ɗauki gora a yi ta tunkuɗawa. Akwai kuma curin ciyawa mai yawo a kan ruwa, wanda mutanen wurin ke kira kirta. Iska kan turo shi cikin dare ya toshe hanyar da aka bi jiya, shi ya sa ko soja ba ya shiga sai da ɗan gari mai nuna hanya. Ga dorina, ga sauro wanda da magariba sai ka ce hayaƙi.

Asalin masu tsibiran su ne Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, masu ɗaure ciyawa su yi jirgi da ita, masu shanun nan na kuri da ke da kumburarren ƙaho suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Amma sunayen wurare kaɗai sun isa su nuna wa mai karatu yawan Hausawan da suka zauna a nan: Tumbun Rago, Tumbun Gini, Dabar Masara. Tumbu shi ne tudun da ruwa ya kewaye. Masunta daga ƙasar Kabi da Sakkwato da Haɗeja suka zo da taru da gura da mamari, suna kama tarwaɗa da ƙarfasa da bargi, su banda a tsibiri, su ɗauro zuwa Doron Baga. Tun kafin kifi ya yi kasuwa, ta wannan ruwa ake ƙetaro da kanwa ungurnu daga Kanem, fatake su yi yamma da ita har Kano.

Wahalar shiga tafkin nan tsohuwa ce. Cikin 1851 wani Bajamushe mai suna Overweg, abokin tafiyar Barth, ya zagaya tsibiran Buduma cikin wani jirgin ruwa da aka yanka gunduwa-gunduwa, aka ɗoro wa raƙuma tun daga Tarabulus, aka harhaɗa shi a bakin tafki. Bai koma gida ba, zazzaɓi ya kashe shi kusa da Kukawa cikin 1852.

Zaman soja a tsibiri

Yanzu sai mai karatu ya auna halin sojan da aka ajiye a kan tumbu. Abincinsa da ruwan shansa da harsashinsa da man injinsa duk ta kwalekwale za su zo, ta hanya guda wadda kowa ya sani. Ciyawa ta rufe masa gani ta kowace fuska. In an kawo masa hari cikin dare, ba motar da za ta kawo ɗauki, kuma wanda ya ji rauni sai ya jira gari ya waye. Ƙasashen tafkin duk sun ɗanɗana wannan.

Ran 25 ga watan Afrilu 2015 aka auka wa sansanin sojan Nijar a tsibirin Karamga, gwamnatin ƙasar ta ce ta rasa soja 46 da farar hula 28. Bayan haka ta umarci mazauna tsibiran ɓangarenta su tashi, dubban mutane suka fito tudu a ƙasa, cikinsu har da 'yan Nijeriya masu yawa. Cikin watan Yuni 2019 aka kai wa sojan Kamaru hari a Darak. Ran 23 ga watan Maris 2020 sai ga mafi muni, a Bohoma ta ƙasar Cadi, inda soja kusan 100 suka mutu cikin yini guda, har Shugaba Idris Debi ya tafi bakin tafkin da kansa ya jagoranci ramuwa. Ran 27 ga watan Oktoba 2024 aka sake yin irinsa a Barkaram, Cadi ta rasa soja wajen 40. Cikin Maris 2025 kuma Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga rundunar haɗin gwiwa, alhali ruwan bai san iyakar kowa ba, maharan ma haka.

Ta sama

Saura hanya ta uku. Daga Maiduguri jirgin sama mai saukar ungulu kan isa Munguno cikin ƙasa da sa'a guda, ya tsallake shingaye da nakiyoyi duka. Tun daga 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa amfani da irin waɗannan jirage wajen kai ma'aikatan agaji garuruwa kamar Munguno da Ngala da Rann da Damasak. Soja kuma da su suke kwaso masu rauni, su kai manyan hafsoshi rangadi. Daga sama ne kaɗai mutum ke ganin tafkin yadda yake, kore da fari da shuɗi a cakuɗe, tsibirai birjik kamar an watsa gero a faifai.

Amma jirgin sama ba na talaka ba ne, kuma shi ma yana da makafinsa. Da hunturu, daidai lokacin da ruwa ya cika har hanyoyin ƙasa suka yanke, lokacin ne ƙura ke rufe sama, jirgi ya kasa tashi. Daga can sama kuma kwalekwalen masunci da na ɗan bindiga kamarsu ɗaya, bukka ma haka. Ran 17 ga watan Janairu 2017 jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, mutane da yawa suka hallaka, har da ma'aikatan agaji.

Masunci da manomi a tsakiya

Wanda ya fi kowa shan wuyar wannan ƙasa shi ne mai neman abinci. In ya tsaya cikin ganuwar gari, kifi da gona suna waje. In ya fita, masu bindiga na karɓar haraji a kan kifinsa da amfaninsa, in ya biya kuma ya dawo a tuhume shi da taimakon abokan gaba. Hukumomin soja sun taɓa hana fataucin kifin tafkin baki ɗaya don toshe wa mahara kuɗin shiga, abin da ya karya jarin dubban mutane tun daga Baga har kasuwannin kudu. Cikin watan Janairu 2025 aka kashe manoma aƙalla 40 a Dumba, kusa da Baga, bayan sun wuce iyakar da soja suka shata don neman ƙasar noma. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Ran 22 ga watan Mayu 1964 Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Ahijo da Jori Hamani da Tombalbaye suka sa hannu a Fort Lamy, watau Injamena ta yau, suka kafa Hukumar Tafkin Cadi don ƙasashen su ci amfanin ruwan tare. A wannan shekarar ce jirgin ƙasa ya isa Maiduguri. Magabatan nan sun fahimci cewa arzikin tafkin ba ya amfani sai da hanyar fitar da shi.

Abin da ya kamata hukuma ta duba a yau bai wuce wannan ba. A gyara kwaltar Maiduguri zuwa Munguno zuwa Baga, domin hanya mai kyau ta fi wuyar binne nakiya. A riƙa yashe hanyar ruwa tsakanin Baga da Baga Sola, ana sare ciyawa a kai a kai, don jiragen soja da na fatake su sami wucewa. A yi wa kwalekwalen masunta rajista da alamar da za a gane daga sama. Kada a ajiye soja a tumbun da ba za a iya kai masa ɗauki cikin dare ba. Sa'an nan a cika alkawarin dogo, ya taso daga Aba ya ratsa Kafancan ya koma Yerwa.

Iyayen da 'ya'yansu ke can kuwa, in wata ya wuce ba su ji muryarsu ba, su tuna cewa akwai tsibiran da waya ba ta kamawa, kuma hutun mako biyu na sojan Baga, kwana huɗu a kan hanya yake ƙarewa. Allah ya tsare matafiya na tudu da na ruwa, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.